Ɗan sandan aro: idan ya yi kisa a jihar da ba tasa ba, wa za a tambaya?

Baban Hanifa (Columbus):
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so masana shari'a na wannan zaure su warware mana. A watan Yulin 2024, lokacin babban taron jam'iyyar Republican a Milwaukee, 'yan sandan garinmu na Columbus sun harbe wani mutum har lahira a can. Milwaukee tana Wisconsin, mu muna Ohio, tsakaninmu akwai Indiana da Illinois. Ni direban tirela ne, kullum ina ganin motar ɗan sandan babbar hanya tana juyawa da zarar an kai allon shiga wata jiha. To da wane hurumi mutanen da birnin Columbus ke biya albashi suka ɗauki bindiga suka tafi aiki a titin wani gari? Kuma da abin ya faru, alhakin jinin yana wuyan wa?

Barista (Maryland):
Wa alaikumus salam Yaya. Hurumin a rubuce yake. Ka san Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda guda ɗaya irin ta Najeriya. Hukumomin 'yan sanda a nan sun kusa 18,000: na birni, na gunduma da ke ƙarƙashin sherif, na jiha, har da na jami'o'i. Kusan rabin rundunonin garuruwa ba su da jami'ai 10 cikakku. Ikon kowa a iyakarsa ya tsaya. Ɗan sandan Ohio idan ya tsallaka Indiana haka kawai, kai da shi ɗaya kuke a idon doka.

Abin da ke buɗe ƙofar shi ne yarjejeniyar taimakon gaggawa tsakanin jihohi da ake kira EMAC. Asalinta guguwar Andrew ce da ta ragargaza kudancin Florida a 1992. Jihohi maƙwabta suna son kai ɗauki amma ba a san wa zai biya ba, ba a san wa za a kai ƙara idan an yi ɓarna ba. Gwamnonin kudu suka zauna suka rubuta ƙa'ida, majalisar tarayya ta sa mata albarka a 1996, domin tsarin mulki ya hana jihohi ƙulla irin wannan yarjejeniya ba da yardar majalisa ba. Yanzu duk jihohi 50 suna ciki, har da birnin Washington.

Yadda take aiki: gwamnan jihar da ke cikin matsi ya ayyana dokar ta-ɓaci, ya aika buƙata, wadda ke da hali ta ce ga abin da zan iya bayarwa ga kuma kuɗinsa, a sa hannu. Babu tilas, kowace jiha na iya riƙe mutanenta idan ita ma tana buƙatarsu. Jihar da ta nema ita ke biya. Idan jami'in aro ya ji rauni ko ya mutu, jiharsa ta asali ce ke biyan diyyarsa kamar a gida abin ya same shi. Idan kuma shi ya yi wa wani ɓarna, a maganar ƙarar neman diyya ana ɗaukarsa wakilin jihar da ta gayyato shi. Wani abu da mutane ba su sani ba: ikon kama mutum ba ya biyo shi kai tsaye, sai jihar da ta karɓe shi ta ba shi a fili, galibi ta hanyar rantsar da shi.

Baban Hanifa (Columbus):
Na gode ƙanwata. Amma taron siyasa ai ba guguwa ba ne. An san ranarsa tun shekara biyu kafin ya zo.

Barista (Maryland):
Haka ne, kuma nan ne mutane da yawa ke da ja. Ana ayyana dokar ta-ɓaci ne don a samu damar buɗe yarjejeniyar. Haka aka yi a Cleveland a taron 2016. Babu birni mai matsakaicin girma da zai iya tsare irin wannan taro da mutanensa kaɗai, shi ya sa aka kawo wa Milwaukee dubban jami'ai daga waje, gwamnatin tarayya kuma ta ba da dala miliyan 75 na tsaro.

Malam Na-Milwaukee:
Bari in sa baki tunda a garina aka yi. Ranar Talata ce, 16 ga Yuli, kwana uku bayan an harbi Trump a Pennsylvania, kowane mai kaki a tsorace yake. Wurin da abin ya faru kusa da King Park ne, wajen mil ɗaya daga zauren taron, unguwar talakawa ce inda marasa muhalli ke kafa tantuna. 'Yan Columbus suna kan kekuna, sun taru ana yi musu bayanin aiki, sai suka hango mutum da wuƙa a kowane hannu yana fuskantar wani wanda ba shi da makami. Suka ruga suna ihun ya yar da wuƙa, ya yi kan ɗayan, biyar daga cikinsu suka buɗe wuta. An saki hoton kyamarar ƙirjinsu a ranar, shugaban 'yan sandan Milwaukee kuma ya fito ya ce sun ceci rai.

Ni na kalli hoton. Ba zan ce ƙarya suka yi ba, wuƙaƙen suna nan. Amma ku ji abin da mutanen unguwar suka yi ta faɗa da yamman nan: wannan mutum sananne ne a wurin, a tanti yake kwana, masu raba abinci sun san shi da suna. Suna ganin da ɗan sandan unguwar ne, da ya kira shi da sunansa tun daga nesa, da wataƙila an rabu ba gawa. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan haka. Abin da na tsaya a kai shi ne, an kawo su ne don taro, me ya kai su cikin unguwa ba tare da ɗan gari ko ɗaya a cikinsu ba? Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya tsara aikin ranar yana da tambayar da zai amsa fiye da wanda ya ja kunamar bindiga.

Maman Iman (Fargo):
Allah ya ji ƙan rai. Amma don Allah Malam kada wannan ya sa a yi wa tsarin duka kuɗin goro. Ni a Fargo nake zaune, North Dakota, aikina na jinya kuma yana Moorhead, Minnesota. Kogi ne kawai tsakani, gada ce ta minti biyu. Rundunar ko-ta-kwana ta wannan yanki haɗin gwiwa ce, akwai 'yan Fargo, akwai 'yan Moorhead, akwai mutanen sherif na gundumomin Cass da Clay, tare suke atisaye shekara da shekaru. Idan mai bindiga ya kulle kansa a gida da yara a Moorhead, wa zai ce a jira taimako daga Minneapolis, tafiyar fiye da awa uku, alhali ga mutane a tsallaken gada? Mu da muke karɓar masu rauni a asibiti mun san abin da minti goma ke nufi.

Barista (Maryland):
Hajiya ta taɓo wani abu mai muhimmanci. Irin na Fargo ba ya jiran gwamna ko dokar ta-ɓaci, yarjejeniya ce ta yau da kullum tsakanin maƙwabta, wadda dokokin jihohin biyu suka halatta. Garuruwan kan iyaka ba su da zaɓi. A Bristol, layin tsakiyar babban titin garin shi ne iyakar Virginia da Tennessee. Haka Texarkana tsakanin Texas da Arkansas. 'Yan sandan jirgin ƙasa na Washington suna da iko a birnin da kuma sassan Maryland da Virginia da jirgin ke bi. Ranar 6 ga Janairun 2021 da aka afka wa ginin majalisar tarayya a Washington, jami'an Virginia da na gundumomin Maryland suna cikin waɗanda suka kawo ɗauki, kuma sun iya zuwa da sauri ne don takardar tana nan tun kafin ranar.

Yaya Baban Hanifa, game da motar da ka ce tana juyawa a kan iyaka: idan tana bin mai babban laifi ne ba ta juyawa. Yawancin jihohi suna da dokar bin sawu da zafi-zafi tun shekarun 1930. Za ka iya tsallakawa ka sa masa ankwa, amma ba ka da ikon jefa shi a mota ka komo da shi gida. Dole ka kai shi gaban alƙalin inda ka kama shi ba da ɓata lokaci ba, daga nan a bi hanyar miƙa shi.

Baba Alhaji (Bronx):
Yara, ni abin da na gani a nan gayya ce. Gonarka ta fi ƙarfinka, ka kira maƙwabta, ka ciyar da su, gobe kai ma ka je tasu. Ban ga aibu ba. Lokacin guguwar Katrina a 2005 daga nan New York an tura 'yan sanda da motoci har Louisiana, mun gan su a talabijin suna fita a jere.

Malam Na-Milwaukee:
Allah ya ƙara girma Baba. Guguwa babu mai jayayya, mutanen da aka tura a Katrina da guguwar Rita da ta biyo bayanta sun haura 60,000 kuma an ceci rayuka. Damuwata ita ce ranar da gwamna ya kira gayyar a kan mutanensa. Hajiya tana North Dakota, ta fi ni sanin Standing Rock.

Maman Iman (Fargo):
Na sani, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. A 2016 'yan ƙabilar Sioux, 'yan asalin ƙasar, sun kafa sansani suna adawa da bututun mai na Dakota Access da zai ratsa ƙarƙashin kogin Missouri, sama kaɗan da inda suke ɗiban ruwan sha. Gwamna Jack Dalrymple ya ayyana dokar ta-ɓaci a watan Agusta, aka buɗe EMAC, jami'ai suka zo daga Wisconsin, Indiana, Ohio, Nebraska, Minnesota da wasu jihohin. Daren 20 ga Nuwamba aka feshe mutane da ruwa a kan gada cikin sanyin da ruwa ke daskarewa. Duk wanda ya san sanyin jihar nan a Nuwamba ya san jiƙa mutum da dare ba ƙaramin abu ba ne. An yi ta jinyar masu sanƙarewar jiki da waɗanda harsashin roba ya samu.

Amma Malam ka lura da abin da ya biyo baya. Sherif na gundumar Dane a Wisconsin ya tura mutanensa, bayan mako guda ya janye su, ya ce ya saurari jama'ar da suka zaɓe shi kuma ba su yarda ba. A Minneapolis mutane sun fito zanga-zangar adawa saboda sherif na gundumarsu ta Hennepin ya tura nasa. Wato mai bayarwa ma yana da birki, idan jama'arsa suka farka.

Malam Na-Milwaukee:
Birkin yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma, Hajiya. A 2020, da ake shirin taron Democrat a nan, hukumar da ke sa ido kan 'yan sandan Milwaukee ta ba da umarnin a daina amfani da barkonon tsohuwa a kan taron jama'a. Rundunoni sama da 100 da suka yi alkawarin turo mutane suka janye. Ka ga gari ya yanke wa kansa yadda yake so a bi da mutanensa, baƙi sun ce in haka ne ba za mu zo ba. Annobar korona ce ta sa taron ya koma ta intanet, ba don haka ba da sai birnin ya zaɓa tsakanin dokarsa da tsaronsa. Wannan ya fi kisan King Park tayar mini da hankali, domin yana nufin wanda ba ka zaɓa ba yana iya juya maka dokar gari.

Barista (Maryland):
Wannan ita ce ɓarakar da ke cikin takardar. Ta ce jami'an aro suna nan ƙarƙashin shugabanninsu na gida, amma jihar da ta karɓe su ce ke ba su aiki. To ƙa'idar amfani da ƙarfi ta wa za a bi? Wani gari ya hana shaƙe wuya, wani bai hana ba. Wani yana tilasta kyamarar ƙirji, wani ba shi da ita. Sai an rubuta wannan dalla-dalla a takardar kowane aiki, kuma ba kullum ake yi ba.

Amsar tambayarka ta biyu Yaya Baban Hanifa, alhakin ya rabu uku. Maganar laifin kisa ta mai gabatar da ƙara ce na gundumar Milwaukee, tunda a ƙasarsa aka yi, kuma dokar Wisconsin tun 2014 ta ce wata hukuma ta waje ce za ta binciki duk mutuwar da ɗan sanda ke da hannu a ciki. Ladabtarwa ko kora daga aiki ta Columbus ce. Diyya kuma ta bi abin da aka sa wa hannu. Iyalin mamaci, waɗanda galibi ba su da kuɗin lauya, su ne za su yi ta zarya tsakanin ƙofofi uku. Kuma mazaunin Milwaukee ba shi da ƙuri'a a kan magajin garin Columbus.

Duk da haka ina so in ajiye wani abu a ɗaya gefen sikelin. Bayan Katrina, jami'an jihohin New Mexico da Michigan da aka tura garin Baton Rouge na Louisiana sun rubuta ƙorafi a kan 'yan sandan garin, cewa suna cin zarafin mutane, musamman baƙaƙen fata, suka daina fita sintiri tare da su. Wani lokaci baƙon ne ke ganin abin da 'yan gida suka saba da shi har ya daina damunsu.

Ɗan Maraɗi (Harrisburg):
Ni tambayata kuɗi. Kun ce mai nema ke biya. A 2021 da gwamnonin Texas da Arizona suka nemi a turo musu jami'ai kan iyakar Mexico, Florida da Nebraska sun tura, kuma daga aljihun masu biyan harajinsu aka kashe. Wannan taimako ne ko kamfe?

Barista (Maryland):
Yarjejeniyar ta yarda mai bayarwa ya yafe kuɗinsa, don haka ba a karya doka ba. Amma ina tare da kai Ɗan Maraɗi. Waɗanda suka amsa kiran gwamnonin jam'iyya ɗaya ne da masu kiran. Abin da aka gina don ranar ambaliya idan ya zama na nuna ɓangare, wata rana jihar da ruwa ya ci za ta kira a tsaya ana duba jam'iyyar gwamnanta.

Tsohon Sufeto (Kano):
Ina biye da ku tun farko daga gida, kuma na ƙaru ƙwarai. Mu a nan ana ta maganar 'yan sandan jihohi, tun Fabrairun 2024 da shugaban ƙasa da gwamnoni suka ce sun amince a duba. Duk muhawarar a kan abu biyu take: gwamna zai yi amfani da su a kan abokan hamayya kamar yadda aka zargi 'yan doka na zamanin En'e, da kuma ina kuɗin albashi. Ban taɓa jin wanda ya tsaya a kan iyaka ba. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 214 runduna ɗaya ya sani, saboda haka yau ɗan sandan Katsina ɗan sanda ne a Zamfara. Ko a hakan, a zamanin aikina, in bincike ya kai ka wata jiha sai ka nemi izini a rubuce, ka je ka gabatar da kanka a can kafin ka taɓa kowa, wani lokaci kafin a gama wannan wanda kake nema ya yi nisa. To ina ga ranar da kowace jiha ke da kakinta da kwamishinan da gwamna ya naɗa?

Bakatsine:
Ranka ya daɗe ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020, a Katsina aka ɗauke su, a dajin Zamfara aka karɓo su. Dajin Rugu bai san allon iyaka ba. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, ɓarayin suka kwararo maƙwabta, sai da Katsina da Sakkwato su ma suka rufe nasu a wasu ƙananan hukumomi. Yanzu Katsina na da dakarun tsaron al'umma tun 2023, Zamfara na da Askarawa tun 2024. Idan namu suka biyo shanun sata suka tsallaka, suka haɗu da Askarawa da dare, kowa da bindiga, ba mai jin oba-obar wani, me zai faru?

Ɗan Maraɗi (Harrisburg):
Gwamnonin Katsina, Sakkwato da Zamfara sun zo Maraɗi a 2019 sun sa hannu da gwamnanmu kan tsaron iyaka. Sa hannu ba ya wuya. Abin da na ji a bayanin Barista wanda ban ji a namu ba shi ne wa zai biya mai, wa zai biya diyya, gaban wane alƙali za a kai wanda aka kama.

Barista (Maryland):
Maganar oba-oba da Bakatsine ya yi ta ci rayuka a nan ma. A Janairun 1982 da jirgin sama ya faɗa kogin Potomac a Washington, masu ceto daga ɓangarorin kogin biyu sun sha wuyar magana da juna don na'urorinsu ba su jituwa. Kuma kowace runduna tana da lambobinta na sirri, lamba ɗaya tana iya nufin abu biyu a garuruwa biyu. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001 da Katrina gwamnatin tarayya ta matsa cewa duk aikin haɗin gwiwa a yi shi da magana a sarari, ba lambobi.

Malam Na-Milwaukee:
Baba Sufeto, in za a rubuta muku irin wannan, roƙona ɗaya: a sa cewa jami'in aro ba ya shiga unguwa ko ƙauye sai da ɗan gari a gabansa, kuma ba a aro don zanga-zanga ko ranar zaɓe. Ku yi tunanin gwamnoni biyu 'yan jam'iyya ɗaya suna musayar dakaru ana gobe zaɓe.

Maman Iman (Fargo):
Na yarda da na zaɓe. Na ɗan gari kuma a bar ƙofa ga gaggawa, don wanda ake yanka ba zai jira a nemo ɗan unguwa ba.

Tsohon Sufeto (Kano):
Duka biyun suna shiga takarda ɗaya, 'ya'yana. Bin sawu da zafi-zafi daban, turo runduna ta kwana da kwanaki daban. Barista, wata tambaya: a can, idan jihar da aka tsallaka cikinta ta ƙi miƙa wanda aka kama, ana da yadda za a yi da ita?

Barista (Maryland):
Akwai, Baba. Tsarin mulki ya wajabta miƙa wanda ake tuhuma ya gudu wata jiha, gwamna ke rubuta wa gwamna. Fiye da shekara ɗari kotun ƙoli tana cewa wajibi ne amma ba mai iya tilasta gwamna, tun hukuncin 1861. Sai a 1987, a shari'ar Puerto Rico da gwamnan Iowa, ta sauya ta ce kotun tarayya na iya ba shi umarni. In za a yi gyaran tsarin mulki a gida, wannan sashen a sa shi tun ranar farko, tare da sunan kotun da za ta raba gardama da adadin kwanakin da aka ba gwamna ya amsa.